Ashirin da Bakwai Sau Bakwai: Yadda Suna Ke Ɓacewa Wajen Zagaya Jeri a Harshen R

Tsakure

Takardar ta duba wani aiki da masu nazarin alƙaluma ke yi kusan kullum a harshen R, wato bin jeri mai sunaye gurbi-gurbi, ana aiki da abin da ke cikin kowane gurbi tare da sunansa. Ta ɗauki jihohi bakwai na Arewa maso Yamma, da wasu ƙananan hukumomin Najeriya masu suna iri ɗaya, ta nuna wuraren da kuskure ke kutsowa ba tare da kwamfuta ta ce uffan ba, da kuma tushen hakan a ginin harshen kansa.

Gabatarwa

Duk wanda ke da R a kwamfutarsa zai iya gwada wannan kafin a tashi daga zaure. A zuba jihohin Arewa maso Yamma cikin jeri, kowace da adadin ƙananan hukumominta, sannan a umarci kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya:

`jihohi <- list(kano = 44, katsina = 34, jigawa = 27, kaduna = 23, sakkwato = 23, kebbi = 21, zamfara = 14)`
`for (j in names(jihohi)) print(jihohi$j)`

Mai rubutun yana jiran ya ga 44, sai 34, har zuwa 14 na Zamfara. Abin da zai cika masa allo shi ne 27, layi bakwai reras. Babu jan rubutu, babu gargaɗi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne idan an tara: 27 sau bakwai 189 ne, alhali ainihin jimillar ƙananan hukumomin yankin 186 ce. Tazarar uku kacal. Malamin da ke duba kundin ɗalibi, wanda ya san cewa hukumomin yankin ɗari da tamanin da 'yan kai ne, zai gyaɗa kai ya juya shafi.

R bai yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye shi ya amsa, kuma kafin a gane yadda aka yi tambayar ta karkace, sai an san inda harshen ke ajiye suna.

Buhu daban, takarda daban

Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka fara gina R a Jami'ar Auckland ta New Zealand a farkon shekarun 1990, kuma sigar 1.0.0 ta fito ranar 29 ga Fabrairun 2000. Sai dai fasalin jerin ya girmi R. Gado ne daga harshen S, wanda John Chambers da abokan aikinsa suka soma a Bell Labs da ke Amurka a 1976. A wannan gida, jeri layin gurabe ne masu lamba, daga 1 zuwa ƙarshe, kowane gurbi na iya ɗaukar komai: lamba ɗaya, tebur guda na bayanai, sakamakon lissafi, ko ma wani jerin. Sunaye kuwa rataye suke a jikin jerin gaba ɗayansa, a matsayin wani layin rubutu na dabam mai tsawo ɗaya da shi. Abin da ya haɗa suna na uku da gurbi na uku shi ne kawai dukansu na uku ne.

Wanda ya taɓa aika kaya a tasha ya san hanyoyi biyu. Akwai buhun da ake rubuta sunan mai shi a jikinsa da maka, duk inda aka jefar da shi an san na wane ne. Akwai kuma lodin da buhunan ba su da rubutu, sunaye na kan takardar da ke hannun ɗan kamasho, an jera su yadda aka loda kayan. Jerin R irin na biyu ne. Ɗan dakon da ya sauke buhu ya kai shi gefe, ya rabu da takarda ke nan.

Haka umarnin `for` yake yi. Idan aka rubuta `for (x in jihohi)`, `x` zai zama 44, sannan 34, sannan 27, kuma ba wata dabarar da za ta sa a tambayi 44 ɗin nan sunansa ya amsa. Wanda ya zo daga harshen Python kan sha mamaki a nan, domin a can zagaya ƙamus makullai yake bayarwa, wato sunaye, kuma `items()` na miƙo suna da kaya tare a hannu ɗaya. A Python makulli ba ya maimaituwa cikin ƙamus guda. A R kuwa suna na iya maimaituwa, yana iya zama fanko, jerin ma yana iya zama ba shi da ko ɗaya.

Umarnin `lapply`, mai gudanar da aiki ɗaya a kan kowane gurbi, ya fi yaudara. Sakamakon da yake mayarwa na ɗauke da sunayen jerin asali cif, har mutum ya zaci sunan na tafiya tare da kayan. A jikin jerin sakamako ake manna takardar, ba a jikin kayan ba. A lokacin da ake kan gurbin Kano, aikin da aka ba shi 44 kaɗai yake gani. Wannan ba ya damun wanda ke neman matsakaici ko jimilla. Yana damun wanda ke son kowane zane ya fito da sunan jiharsa a sama, ko kowane tebur ya shiga fayil mai sunan jihar, kuma yawancin masu zagaya jeri irin wannan buƙata ce ta kawo su. Akasari ma jerin ba da hannu aka rubuta shi ba. Umarnin `split` ne ya yanka babban teburin bincike jiha-jiha ya miƙo shi.

Dabaru biyu kan zo wa mutum a wannan gaɓa, kuma duka ba sa kai wa gaci. Ta farko ita ce `deparse(substitute(x))`, wadda a wasu wurare ke faɗin sunan abin da aka miƙa wa aiki. A cikin `lapply` abin da take dawowa da shi `X[[i]]` ne, wato sunan da R ke kiran buhun da shi a cikin gida. Ta biyu ita ce neman suna ta hanyar kaya: wace jiha ce ke da 23? Kaduna ce, kuma Sakkwato ce.

Bin sunaye

Mafitar da aka fi koyarwa ita ce a zagaya takardar maimakon buhunan, a riƙa ɗauko kowane buhu da sunansa. Ita ce aka yi niyya a misalin farko, alamar `$` ce ta ɓata lamarin, kuma ta ɓata shi hawa biyu. Da farko, `$` ba ta duba abin da `j` ke riƙe da shi. Harafin da aka rubuta a gabanta take ɗauka, ta tafi neman gurbi mai suna "j". Na biyu, idan ba ta sami suna daidai ba, takan karɓi sunan da ya fara da waɗannan haruffa, muddin shi kaɗai ne. A cikin jihohin nan bakwai jigawa ce kaɗai ta fara da j, shi ya sa 27 ya yi ta fitowa. Da mai rubutun ya kira abin zagayen `s`, da 23 na Sakkwato zai samu sau bakwai. Da `k` ya zaɓa, sunaye huɗu za su yi karo, kano da katsina da kaduna da kebbi, R ya mayar da `NULL`, wato babu komai, a kowane zagaye, kuma da ya yi sa'a, don wannan kuskure ne da ido ke gani.

Wannan ciko sunan an yi shi ne don sauƙaƙa wa mai buga umarni kai tsaye, ya rubuta rabin kalma ya huta. A cikin rubutun da za a ajiye a sake gudanarwa bayan wata shida, tarko ne. Ana iya sa R ya riƙa gargaɗi da `options(warnPartialMatchDollar = TRUE)`, sai dai a kashe yake zuwa, kuma ba kowa ya san da shi ba. Maganin na asali shi ne baka biyu masu kusurwa: `jihohi[[j]]` na duba abin da `j` ke riƙe da shi, kuma ba ya karɓar rabin suna.

Da wannan gyara jihohi bakwai za su fito daidai. A sauka zuwa ƙananan hukumomi kuma, sai wata matsalar ta ɓullo, wadda ta fi ta farko wuyar ganewa. Cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya akwai masu suna ɗaya a jihohi daban-daban. Akwai Bassa a Kogi, akwai Bassa a Filato. Akwai Obi a Binuwai da Obi a Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, Ifelodun da Irepodun kowacce a Kwara da Osun. Sunan Nasarawa ma ana samun sa a cikin birnin Kano da kuma jihar Nasarawa, ko da yake wasu takardun kan ninka s a na Kano. A gwada:

`hukumomi <- list(Bassa = "Kogi", Obi = "Binuwai", Bassa = "Filato", Obi = "Nasarawa")`
`for (s in names(hukumomi)) print(hukumomi[[s]])`

Amsa: Kogi, Binuwai, Kogi, Binuwai. Idan aka nemi gurbi da suna, R na tsayawa a kan na farkon da ya amsa sunan. Filato da Nasarawa ba a taɓa su ba, amma zagaye huɗu aka yi, layi huɗu suka fito, don haka ƙirga layuka ba zai tona komai ba. Idan kuma fayil ake rubutawa da sunan kowace hukuma, na biyu zai hau kan na farko ya shafe shi. Wanda ya bi ta `split` da sunan hukuma kaɗai zai gamu da wani fasalin ɓarnar: ba zai ga suna biyu ba, domin an zuba mutanen Bassa ta Kogi da na Bassa ta Filato cikin buhu guda tun kafin zagaye ya fara, matsakaicin da zai fito kuma ba na ko ɗaya daga cikinsu ba ne. Nan gyaran ba a zagaye yake ba, sai an yanka teburin da jiha da hukuma a haɗe.

Jerin da ba shi da sunaye sam, `names` na mayar masa da `NULL`, zagaye a kan `NULL` kuwa ba ya gudana ko sau ɗaya, kuma ba ya ƙorafi. Rubutun zai ƙare lami lafiya, babban fayil ɗin sakamako ya zauna wayam.

Akwai kuma wani abin dariya. Mutum ya koma `lapply(names(jihohi), ...)` don ya sami suna a cikin aikin, ya samu, sai sakamakon ya fito ba suna, saboda layin sunayen shi kansa ba shi da sunaye a rataye. Masu R sun saba toshe wannan da `setNames(nm = names(jihohi))`, ko da `sapply` tare da `simplify = FALSE`, wanda ke mayar da rubutun da aka ba shi ya zama sunayen sakamako. Barin `sapply` ya sauƙaƙa sakamako da kansa wani zance ne: yau ya ba da layin lambobi, gobe tebur, jibi jeri, gwargwadon abin da ya tarar. `vapply` na tilasta a faɗi siffar da ake jira tun farko, ya tsaya idan ba ita ta zo ba.

Bin lamba

Tunda lambar gurbi ce kaɗai igiyar da ta ɗaure suna da kaya, hanyar da ta fi dacewa da ginin harshen ita ce a bi lambar:

`for (i in seq_along(hukumomi)) cat(names(hukumomi)[i], hukumomi[[i]], "\n")`

Yanzu Bassa ta Filato ta fito da jiharta, domin gurbi na 3 aka nema, kuma gurbi na 3 ɗaya ne tak. Ba ta da kyan gani kamar sauran, ana maimaita sunan jerin sau uku a layi ɗaya, amma maimaicin suna ko fankonsa ba ya kayar da ita. `seq_along` aka rubuta da gangan. Tsohon salon `1:length(x)` na aiki har ranar da jerin ya zo fanko, sai ya zama `1:0`, wanda a R ƙirga ce ta baya, 1 sannan 0, zagaye biyu a kan abin da babu.

Ita ma wannan hanya tana da ramin da ba a cika faɗa ba, kuma a wajen ajiye sakamako yake. A R, zuba `NULL` cikin gurbi da baka biyu ba ya barin gurbin fanko, cire shi yake yi ɗungurungum, na baya su matso gaba. A ɗauka an tanadi jerin sakamako mai gurbi bakwai, an manna masa sunayen jihohi, ana cika shi da `sakamako[[i]] <- lissafi(jihohi[[i]])`. A zagaye na 3 lissafin Jigawa ya ci tura ya mayar da `NULL`. Gurbin jigawa ya ɓace, jerin ya koma shida, kaduna ta matso ta zama ta 3, sakkwato ta 4. Zagaye na 4 na Kaduna ne, sai sakamakonta ya faɗa ƙarƙashin sunan sakkwato. Na Sakkwato ya shiga kebbi, na Kebbi ya shiga zamfara, na Zamfara kuma ya buɗe sabon gurbi na 7 marar suna. A ƙarshe tsawon jerin bakwai ne kamar yadda aka fara. Da alƙaluman wannan takarda ma layin sakkwato zai nuna daidai, tunda ita da Kaduna 23 suke da shi, mai dubawa ya ƙara samun natsuwar da bai kamata ya samu ba. Rubuta `sakamako[i] <- list(lissafi(jihohi[[i]]))`, da baka ɗaya, shi ke barin `NULL` ya zauna a gurbinsa.

Tafiya da biyun tare

Akwai umarnin da ke ɗaukar buhu da layinsa na takarda a lokaci guda, kuma yana cikin R tun daga akwati, ba sai an sauko da komai ba:

`Map(function(adadi, suna) paste(suna, adadi), jihohi, names(jihohi))`

`Map` na bin jeri biyu kafaɗa da kafaɗa, na farko da na farko, na biyu da na biyu. A ƙarƙashi lamba yake bi, don haka Bassa biyu ba sa ruɗa shi; sakamakon na fitowa da sunaye; `NULL` kuma na zama inda ya faɗo. Ƙunshin purrr, wanda Hadley Wickham da Lionel Henry suka rubuta, ya taƙaita wannan zuwa `imap`, mai miƙa kaya da suna, ko kaya da lamba idan jerin ba shi da sunaye. Ɗan'uwansa `iwalk` na wanda ba sakamako yake so ba, aiki yake so a yi, kamar ajiye zane ko rubuta fayil. Tun sigar 4.1.0 ta 2021 ana iya gajarta kalmar `function` zuwa `\`, layin ya ƙara tsukewa.

A ganin mai wannan takarda, `Map` ya kamata a fara koya wa ɗalibi da zarar ya gane `for`, kafin ma `lapply(names(...))` da littattafan koyo suka fi so. `imap` ya fi daɗin karantawa, sai dai yana jawo dogaro da ƙunshin da sai an sauko da shi daga CRAN, ma'ajiyar ƙunsoshin R a intanet, kuma wanda ya taɓa koyar da aji a ɗakin kwamfutar da intanet ke zuwa yana ɗaukewa ya san darajar abin da ke aiki ba tare da saukar da komai ba. Komawar `imap` ga lamba idan babu suna ma takobi ce mai kaifi biyu: rubutun ba zai tsaya ba, sai dai a wayi gari da fayiloli masu suna 1, 2, 3.

Batun cewa `for` na da nawa a R ya tsufa. Tun sigar 3.4.0 ta 2017 harshen ke harhaɗa zagaye da kansa kafin ya gudanar, bisa aikin Luke Tierney, kuma `lapply` ɗin ma zagaye ne, an dai rubuta shi da harshen C. A jeri mai gurbi 7 ko 774, lokacin na tafiya ne a lissafin da ke cikin zagayen. Abu ɗaya da mai `for` zai kiyaye: a cikin zagaye R ba ya nuna abu da kansa, don haka zanen ƙunshin ggplot2 ba zai bayyana ba sai an kira `print` a kansa.

Sunayen da ke canza kama

Sauran matsalar ta sunayen ce kansu, kuma masu aiki da sunayen garuruwan Arewa sun fi wasu cin karo da ita. Teburin bayanai a R jeri ne shi ma, kowane ginshiƙi gurbi ne mai suna, duk abin da aka faɗa a sama ya shafe shi. Idan `read.csv` ya karanto tebur, yakan gyara kanun ginshiƙai su dace da ƙa'idar suna ta R, ya sa ɗigo a madadin duk alamar da bai yarda da ita ba. Birnin Kudu ta koma `Birnin.Kudu`, Jema'a ta koma `Jema.a`, Mai'adua ta koma `Mai.adua`. Wanda ya zo da nasa jerin sunaye daga wata takarda yana nema da `[[ ]]` zai yi ta karɓar `NULL` a waɗannan gurabe kaɗai, sauran na tafiya daidai. `check.names = FALSE` na hana wannan gyara.

Haruffa masu lanƙwasa sun daɗe suna wahala a Windows, inda R ya kasance yana amfani da tsohon tsarin haruffan na'urar, wanda ba shi da ƙ ko ɗ ko ɓ. Sigar 4.2.0 ta 2022 ce ta mayar da UTF-8 tsarin gida a sababbin Windows, sunan Ƙanƙara ya samu zama a gurbi da kan zane da sunan fayil ba tare da ya rikiɗe ba. Duk da haka, a wajen R Ƙanƙara da Kankara sunaye biyu ne da ba su san juna ba, kuma tebur ɗaya da mutum biyu suka cika zai iya ƙunsar duka biyun, `split` ya yanka hukuma ɗaya gida biyu.

Layi guda a saman rubutu na kama uku daga cikin waɗannan kafin zagaye ya fara, wato rashin sunaye, maimaici da fanko:

`stopifnot(!is.null(names(x)), !anyDuplicated(names(x)), all(nzchar(names(x))))`

A kan jerin jihohi bakwai zai wuce shiru. A kan jerin hukumomi huɗu zai tsayar da aiki nan take, kuma idan aka tambayi `anyDuplicated` shi kaɗai, zai ce 3, gurbin Bassa ta Filato.